Lipton na ƙanƙara, yadda shayi ya koma gari a gwangwani

Mu dai a nan in aka ce Lipton hankalin kowa wajen mai shayi yake tafiya, tebur da benci, gwangwanayen madara a jere, burodi a leda, ruwa na ta tafarfasa akan garwashi. Shayi a wajenmu abu ne mai zafi, ko a watan Afrilu da gari ya ɗau wuta mutum zai zauna yasha kayansa yana zufa yana gogewa, in kuwa ya huce ai ya lalace sai dai a sake ɗumamawa. Toh amma akwai ƙasar da abun yake a juye. A Amurka wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na shayin da suke sha mai sanyi ne da ƙanƙara a ciki, kuma sunan nan dai da muka sani shine ɗaya daga cikin manyan masu sayar musu dashi, har da wani nau'i na gari da yake zuwa a gwangwani, ka ɗebo da cokali ka zuba a ruwan sanyi ka juya shikenan ka gama, ba ruwanka da hura wuta balle jiran ruwa ya tafasa.

Labarin garin nan nake so in bayar, sai dai bazai fahimtu ba in ba'a fara daga mai sunan ba, dan duk abunda kamfanin yayi daga baya dabarar mutumin nan ɗaya ce suke ta maimaitawa.

Thomas Lipton ɗan talakawa ne, an haife shi a 1848 a unguwar Gorbals cikin birnin Glasgow na Sikotilan, iyayensa 'yan arewacin Ailan ne da yunwar da aka yi a ƙasarsu a shekarun 1840 ta koro, suka buɗe ɗan ƙaramin shago suna saida ƙwai da bota da naman alade. Bai yi nisa a makaranta ba, yana ɗan saurayi ya hau jirgin ruwa sai Amurka, yayi ƙwadago a gonar taba a Virginia, yayi a gonar shinkafa a South Carolina, daga ƙarshe ya samu aiki a wani babban kantin kayan abinci a New York kuma nan ne idonsa ya buɗe, yaga yadda Amurkawa ke jera kaya a haskaka shago a cika mutane da talla har sai sun shigo. Mutane a lokacin tafiya Amurka suke basa dawowa, shi kuwa ya tattaro ɗan abunda ya tara ya dawo gida, a 1871 ya buɗe shagonsa na farko a Glasgow.

Wajen talla kam mutumin nan ba dama. Zai sa a koro aladu masu ƙiba a bi titi dasu an ɗaura musu kyalle an rubuta cewa shagon Lipton suka nufa, yara na bi ana ihu, gari duk ya ɗauka. A kirsimetin 1881 ya sa aka kawo masa wani ƙaton cuku daga Amurka wanda sai da aka ja shi a titi mutane na kallo, sannan ya cusa tsabar zinare a ciki yace duk wanda rabonsa ya tsaga ya samu a yankin da ya saya nasa ne, cikin 'yan awanni cukun ya ƙare tas. Kafin 1890 yana da shaguna wajen 300 a faɗin Birtaniya. Ka lura fa har zuwa nan babu maganar shayi, mai kantin kayan masarufi ne kawai.

Shayi a wannan zamanin kowa na so amma yana yiwa talaka tsada, laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, tana kai sule uku, kuma a buɗe ake saida shi daga cikin akwati mai shago ya ɗebo ya auna maka, baka san ko awon ya cika ba, baka san ko an gauraya shi da wani tarkace ba, na yau daban na gobe daban. Lipton ya duba yaga dillalai ne a tsakiya suke cinye ribar, sai ya tsallake su ya dinga saye da yawa kai tsaye yana haɗawa da kansa, ya dawo yana saida laba akan sule ɗaya da kwabo bakwai. Sannan abunda yafi muhimmanci, ya ƙulla shi a fakiti, na laba ɗaya da na rabi da na kwata, da sunansa ɓaro ɓaro a jiki, awo ɗaya ɗanɗano ɗaya duk inda ka saya. Kamar dai yadda madara da omo suka koma 'yan ƙananan leda a shagunan unguwa, mai ɗan canji ma ya saya daidai ƙarfinsa. Har ruwan garuruwa yake sawa a kawo masa a ganga dan a haɗa shayin da zai dace da ruwan kowane gari. Ni dai a nan ina sara masa, dan ya gane abunda matar lebura take buƙata ya kawo mata shi a farashin da zata iya, kuma bai cuce ta a awo ba.

A 1890 ya hau jirgi akan cewa Ostireliya zashi, sai gashi ya sauka a Ceylon, ƙasar da yanzu ake kira Siri Lanka. Ya zo a daidai gaɓa, dan tsibirin da kofi aka san shi, toh tun wajen 1869 wata cuta ta shiga ganyen kofin ta dinga cinye gonaki ɗaya bayan ɗaya har masu gonakin suka karye, farashin gonaki ya faɗi warwas ana neman mai saye. Wani ɗan Sikotilan ɗin mai suna James Taylor ya riga ya gwada shuka shayi tun 1867 a gonar Loolecondera kuma ya nuna yana yi sosai akan tsaunukan. Lipton ya sayi gonaki a araha, cikinsu akwai Dambatenne kusa da garin Haputale, har yau akwai wani waje a saman dutsen da 'yan yawon buɗe ido ke hawa wai nan yake zama yana kallon gonakinsa. Daga nan ya samo taken da ya ɗaga shi, cewa shayinsa daga gona yake zuwa kai tsaye sai cikin butarka. Gaskiyar magana gonakin nasa basu isa su cika duk abunda yake saidawa ba, da yawa a kasuwar gwanjo yake saye kamar kowa, amma taken ya zauna a kan mutane.

Akwai waɗanda ba'a cika sakawa a labarin ba kuma abun yana damuna. Masu tsinkar ganyen. Tamilawa ne da Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya tun zamanin kofi, akasari mata ne ke tsinka, kwando a baya igiyarsa a goshi, ganye biyu da toho ɗaya ake cira daga kowane reshe tun safe har yamma akan gangaren dutse, a auna a biya ka gwargwadon nauyi. Ɗakunan da aka gina musu dogon layi ne, iyali guda ɗaki guda. Hoton macen nan mai kwando yana jikin tallan shayin Ceylon tana murmushi, amma da ƙasar ta samu 'yancin kai a 1948 dokar zama ɗan ƙasa da aka yi a shekarar ta bar dubban ɗaruruwansu babu ƙasa, Indiya bata ɗauke su nata ba Ceylon ma haka, sai a 2003 aka kammala baiwa ragowarsu takardar zama 'yan ƙasa. Arahar da matar lebura ta samu a Glasgow, wata matar ce a Haputale ta biya cikon da bayanta.

Shi kuwa Lipton ya zama babban mutum, Sarauniya Victoria ta bashi sarautar Sir a 1898, ya shiga gasar tseren jiragen ruwa ta America's Cup har sau biyar tsakanin 1899 da 1930 bai ci ko ɗaya ba, amma yadda yake karɓar kaye da fara'a yasa Amurkawa suka so shi kuma kowace gasa talla ce ga shayinsa a can. Ya rasu a 1931, bai taɓa aure ba, yawancin dukiyarsa ya barwa talakawan Glasgow da asibitoci. Kamfanin Unilever ya sayi ɓangaren Amurka da Kanada a 1938, sauran kuma ya haɗiye a farkon shekarun 1970. Kaga kenan garin shayin ƙanƙara da ke ɗauke da sunansa shi bai ma taɓa ganinsa ba.

Toh ya akayi Amurkawa suka koma shan shayi da sanyi? Ƙanƙara ce silar. Tun kafin a ƙirƙiro firji wani ɗan Boston mai suna Frederic Tudor ya fara yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare da hunturu yana lodawa a jirgi, a 1806 ya kai ta tsibirin Martinique mutane na masa dariya, daga baya ya gano in aka lulluɓe ta da dusar katako tana daɗewa bata narke ba, har a 1833 ya kai ta Kalkata a Indiya, tafiyar wata huɗu a teku kuma fiye da rabi ta isa. Da kasuwar ƙanƙara ta bunƙasa sai jihohin kudu masu zafi suka samu, kuma mai ƙanƙara a gida a lokacin ai mai hali ne, saboda haka baƙo yazo ka miƙa masa shayi mai sanyi da suga a dogon kofin gilashi wata alfarma ce. A 1879 an riga an buga yadda ake haɗa shi a wani littafin girke girken mutanen Virginia. Dan haka labarin da ake yawan bayarwa cewa wani Bature Richard Blechynden ne ya ƙirƙiro shi a baje kolin St. Louis na 1904, wai zafi ya hana mutane shan shayinsa sai ya zuba ƙanƙara, ba ƙirƙira bace, yaɗa shi yayi ga ɗimbin mutanen da suka zo daga ko'ina suka koma gida da labari. Sai kuma dokar hana giya daga 1920 zuwa 1933 ta sa otal otal da gidajen abinci neman abunda zasu baiwa mutane a kofi, sannan firji ya fara shiga gidajen talakawa. Yaƙin duniya na biyu ma ya taka rawa, da can koren shayi daga Sin da Japan suke sha da yawa, yaƙi ya toshe hanyar suka koma baƙin shayi na Indiya da Ceylon basu sake komawa ba.

Matsalar shayin ƙanƙara ɗaya ce, aiki. Sai ka tafasa ruwa, ka jiƙa ganye, ka tace, ka sa suga tun da zafi dan in yayi sanyi bata narkewa da kyau, ka jira ya huce, ka sa a firji ka sake jira. Mai jin ƙishi yanzu yanzu ina zai iya. Nan ne masu gari suka shigo.

Ba Lipton ne ya fara ba, wannan yabon na Nestlé ne, kamfanin Suwizalan. Su suka fito da Nescafé a 1938 bayan Birazil ta rasa yadda zata yi da kofin da ya yi mata yawa, wani masaninsu Max Morgenthaler ya shafe shekaru yana neman yadda za'a busar da dafaffen kofi ya koma gari ba tare da ya mutu ba. Da suka ga ta yi sai suka juya kan shayi, a ƙarshen shekarun 1940 Nestea ya fito. Yadda ake yi kuwa a baki ba wuya, a dafa ganye mai yawa a manyan tankuna a tace, a rage ruwan har ya yi kauri, sannan a fesa shi ta ƙananan ƙofofi daga saman wata doguwar hasumiya da iska mai zafi ke kaɗawa a ciki, kafin ɗigon ya iso ƙasa ruwan ya tashi ya bar gari. Akwai kuma hanyar daskarar dashi a janye ruwan, tafi riƙe ɗanɗano amma tafi tsada.

Sai dai shayi yana da wani hali da ya basu wahala, kuma kowa zai iya gani da idonsa. Ka dafa baƙin shayi mai ƙarfi ba madara, ka zuba a kofin gilashi ka ajiye ya yi sanyi sosai, zaka ga ya daina sheƙi ya yi duhu duhu ya gurɓace kamar an ɗiga masa wani abu. Ba lalacewa yayi ba, sinadarin caffeine da ke ciki, wanda ke hana barci, shi yake manne da sinadaran da ke baiwa shayi launi da ɗaci, da zafi a rabe suke, da sanyi sai su dunƙule. Toh garin farko da aka yi a ruwan zafi yake narkewa, ka zuba a na sanyi sai ya ƙi, ya yi gudaji ya kwanta a ƙasa. Sai da masana suka zauna akai, wasu suka dinga sanyaya ruwan shayin a masana'anta su cire abunda ya dunƙule su zubar, wasu suka yi amfani da wani sinadari mai suna tannase da ke warware shi. Kuma ka san me? Abunda ake cirewar nan ko ake canzawa shine babban ɓangaren abunda ke sa shayi ya zama shayi a baki, wannan ɗan kamun da yake yi a harshe. Ƙamshin ma zafin hasumiya na kore shi, sai an tare tururin tun farko a maido masa daga baya. Har ganyen da ake zaɓa ya canza, shi yasa Ajantina ta zama kan gaba wajen saidawa Amurka baƙin shayi, na lardin Misiones da inji ke yanka, bashi da wani ƙarfin ɗanɗano amma yana zama garau da sanyi kuma ga araha, abunda mai saida na ƙanƙara yake nema kenan.

A 1964 Lipton ya fito da nasa garin a Amurka, kuma dabarar da suka yi irin ta mai sunan ce sak, kar a bar maka komai da zaka yi. Shayin da sugan da tsamin lemo duk an haɗe a gwangwani ɗaya. Zamanin ma ya taimaka musu dan lokacin kayan gari ne ke tashe, ga garin lemon nan Kool-Aid tun 1927, ga Tang da ya shigo kasuwa a 1959 har 'yan sama jannati suka tafi dashi, duk abunda aka ce zuba ruwa ka juya ana ganinsa ci gaba ne. Uwa mai yara biyar da zafin bazara, jug ɗaya ta haɗa cikin minti guda kowa ya sha, kuma yafi lemon kwalba araha nesa ba kusa ba. A 1978 ya tsallaka Turai, inda su ma da shayi mai zafi suka fi sani.

Na taɓa riƙe gwangwanin a hannuna, wani ɗan uwa ne ya zo dashi daga tafiya ana cikin azumin zafi. Garin launin ƙasa ƙasa ne mai haske, yana ƙyalli in ka karkata shi a rana, ƙamshin lemo ne ke fara bugunka kafin na shayi. Aka sayo ƙanƙara aka farfasa a jug aka haɗa, ana kiran sallah aka zuzzuba, wallahi yayi daɗi bazan ɓoye ba, Hajiya ma da bata yarda da shayi mai sanyi ba tace "kai wannan ai lemo ne, ƙaro min". Maganarta ce tasa na juya bayan gwangwanin na karanta abubuwan da ke ciki. A ƙa'ida abunda yafi yawa shi ake fara rubutawa. Na farko suga. Na biyu sinadarin tsami, irin wanda ke cikin lemon tsami amma na masana'anta. Garin shayi sai a na uku. Ƙyallin nan da nake gani a rana ashe suga ce. Hajiya ta faɗi daidai tun kurɓar farko.

Wannan shine abunda ya tsaya min a rai game da tarihin nan gaba ɗaya. Kowane mataki da aka ɗauka sauƙi aka ƙara mana, daga akwati zuwa fakiti, daga fakiti zuwa ɗan ƙunshi mai zare da muke tsomawa, daga nan zuwa gari, kuma kowane mataki ganyen ne yake raguwa a lissafin. A fakitin 1890 shayi ne zalla. A gwangwanin 1964 ya zama na uku a gidansa. Hukumar lafiya ta duniya tace sugar da babba zai sha a rana kar ta wuce wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12 kenan, in ma da hali a tsaya a rabin haka. Abun tsoro da mai sanyi shine baka jin zaƙin kamar yadda zaka ji a mai zafi, ga tsami ya rufe shi, sai ka shanye kofi uku kana ganin ai shayi ne ba lemo ba. Ba wai namu na mai shayi waliyyi bane, kowa yasan yadda ake antaya suga da madara a kofi ɗaya, amma can a gabanka ake zubawa kana iya cewa malam rage, a gwangwani an riga an yanke maka hukunci. Gaskiya akwai nau'in garin da ba suga da mai zaƙin roba, suna yi, sai dai mai sugan ne ya yi suna. Kuma mu da ciwon suga ya shiga gidaje da yawa, ina ganin ya kamata mutum yasan me yake zubawa yaransa.

Ni yanzu in ina son mai sanyi 'yan ƙunshin nan nake jefawa a gora da ruwan sanyi tun dare, in akwai wuta ya kwana a firji, da safe ya fito garau bashi da ɗaci dan ruwan sanyi baya fizgo abun nan mai dunƙulewa sosai, in matsa lemon tsami in daka 'yar citta, suga kuma ni zan auna da hannuna.

Shi kansa garin bai daɗe akan karaga ba, dan in sauƙi kake saidawa wani zai zo da wanda ya fi naka. Juyawa da cokali ma ta zama aiki. A 1987 Snapple ya fara saida shayin ƙanƙara a kwalba a New York ya samu karɓuwa sosai, manyan suka farga. Lipton yana da suna da ganye amma bashi da motocin raba lemo da firji a kowane shago, Pepsi na da su, sai suka ƙulla a 1991. A wannan shekarar dai Nestlé ya haɗa kai da Coca-Cola akan Nestea, kaga yaƙin Coke da Pepsi ya shigo cikin shayi kenan. A 1992 AriZona ya zo da dogon gwangwaninsa mai araha ya ƙara rikita kasuwar. Haɗin Pepsi da Lipton ya ɗore, a 2003 suka faɗaɗa shi zuwa ƙasashen duniya, shi yasa goran Lipton Ice Tea da kake gani a firjin kanti daga masu yin Pepsi yake fitowa. Na Nestea kuwa ya watse, daga farkon 2018 kowa ya kama gabansa, Coca-Cola ya tura nasa Fuze Tea a ƙasashe da dama ya maye gurbin.

Sai kuma abunda ban zata ba. Unilever da kansa ya gaji da ganyen. Cinikin baƙin shayi ya daina ƙaruwa a ƙasashen masu kuɗi, matasa sun koma kofi da wasu ganyayyaki, sai a ƙarshen 2021 suka sanar sun saida harkar shayinsu ga wani kamfanin zuba jari mai suna CVC akan yuro biliyan 4.5, aka kammala a 2022, sabon kamfanin yanzu sunansa Lipton Teas and Infusions. Amma duba abunda suka riƙe basu saki ba, kasuwar Indiya da Nepal da Indonesiya inda har yanzu ake shan shayi ba ƙaƙƙautawa, da kuma kasonsu a na gora da suke yi da Pepsi. Wato ruwan zaƙin sun riƙe, ganyen sun sallama. Yau in ka sayi kwalin rawaya kuɗinka wani waje zashi, in ka sayi na gora wani wajen daban, duk da tambari ɗaya ne a jiki.

Gonakin ma basu tsaya ba. Manyan gonakin da kamfanin yake dasu kafin 2024 ba a Siri Lanka suke ba, a gabashin Afirka suke, musamman Kericho a Kenya, waɗanda Unilever ya gada lokacin da ya sayi kamfanin shayi na Brooke Bond a 1984. A 2023 wani binciken BBC ya fito da mata sama da 70 masu aiki a gonakin shayin yankin, har da na Lipton, suna bada labarin yadda masu kula dasu ke neman su da lalata kafin a basu aiki ko a sauƙaƙa musu, kamfanonin suka ce sun dakatar da waɗanda aka nuna sun buɗe bincike. Na kalli matan nan suna magana an rufe fuskokinsu, na kasa cire su daga raina kwana da kwanaki, shekara sama da ɗari tsakaninsu da na Haputale amma kwandon ɗaya ne. A 2024 Lipton ya sanar zai saida gonakinsa na Kenya da Ruwanda da Tanzaniya ga Browns Investments, wani kamfani na ƙasar Siri Lanka, shi kuma ya koma mai sayen ganye a hannunsu. Ƙasar da gonakin Kericho ke kai kuwa asali ta ƙabilun Kipsigis da Talai ce da Turawan mulkin mallaka suka kora, jikokinsu sun kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya da kotun Turai, har yanzu suna neman a biya su.